Fim ɗin The Social Dilemma da ɗalibin da bai shiga cikinsa ba

Ba al'adata ba ce in yi sharhin fim ɗin Turawa. Aikina magana a rediyo, abin da na fi taɓawa a rubuce kuwa littattafanmu ne na Hausa. Ƙanena ne ya kai ni ga wannan fim.

Yana shekara ta biyu a jami'a, nesa da gida. Da ya zo dogon hutu sai muka ga ya rame, idanunsa sun faɗa, ba ya fitowa daga ɗaki sai azahar ta gota. Inna ta ja ni gefe ta ce, “Ka bincika mini yaron nan, ina tsoron ko ƙwaya ya fara sha.” A Damagaram uwa ba ta faɗin wannan magana da wasa, don mun ga abin da tramol ya yi wa samari. Na bincika, babu ƙwaya. Abin da na samu a cikin wayarsa yake, a wurin da take ƙirga wa mai ita lokacin da ya ɓata a kanta: awa tara, awa goma, wata rana sha ɗaya, mafi yawansu tsakanin sha biyun dare da kiran assalatu. Daga baya ya faɗa mini abin da ya ɓoye wa Inna, cewa darussa huɗu ya faɗi, sai ya sake su.

Na yi niyyar kai maganar shirina na matasa, sai wani abokin aiki ya ce kada in buɗe baki sai na kalli The Social Dilemma. Mu da muke kallo da Faransanci mun san shi da suna Derrière nos écrans de fumée. Jeff Orlowski ne ya ba da umarni, Netflix ta sake shi a watan Satumba na 2020, lokacin da korona ta tsare mutane a gida, kuma kamfanin ya ce gidaje miliyan 38 ne suka kalle shi a makonni huɗun farko. Mu nan ba ta Netflix ya zo mana ba. Wajen yaron da ke tura fina-finai a bakin tasha na samo shi dala ashirin. Na haɗa ƙanena da abokansa biyu, su ma ɗalibai, muka ɗora shayi a zaure muka kalle shi a kwamfutar aikina. Awa ɗaya da rabi ne da ƴan mintuna.

Igiya biyu aka tufka fim ɗin da su. Ta farko hira ce da mutanen da suka yi aiki a Google da Facebook da Twitter da Pinterest, suka fito suna faɗin abin da hannayensu suka ƙera, tare da wasu malaman jami'a. Ta biyu ƙagaggen labari ne na wani gida a Amurka, inda waya take janye wani saurayi mai suna Ben da ƙanwarsa Isla daga hannun iyayensu.

Igiyar farko tana da ƙarfi, kuma ba zan rage mata komai ba. Tristan Harris, tsohon ma'aikacin Google, wanda shi ne ƙashin bayan fim ɗin, ya yi bayanin abin da kowa yake yi sau ɗari a rana ba tare da ya lura ba: ka sa yatsa ka ja fuskar waya ƙasa, ka saki, ka jira ka ga me zai fito. Wani lokaci saƙo ne mai daɗi, wani lokaci babu komai. Ya kamanta wannan da injin caca, kuma kwatancin ya zauna, domin masana halayyar ɗan Adam tun zamanin B. F. Skinner sun gano cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi ɗaure mai jira a kan ladan da aka tabbatar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu cacar dawaki da safe ya ga yadda suke duba takarda ya san wannan ba sai an fassara masa ba. Sai Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, kana turawa sama sabo yana fitowa. Littafi yana da bango na ƙarshe, shirin rediyo yana da kiɗan rufewa, akushi yana da gindi. Wannan akushin an fasa gindinsa da gangan, don kada mai ci ya sami wurin da zai ce ya ƙoshi. Akwai kuma Justin Rosenstein, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi maɓallin nan na ɗaga babban yatsa, yana cewa niyyarsu yaɗa farin ciki ce. Duk bayanin ya tsaya a kan ginshiƙi ɗaya: masu talla su ne abokan cinikin waɗannan kamfanoni, hankalin mai waya kuwa shi ne hajar da ake sayarwa. A daidai nan abokin ƙanena ya ajiye kofin shayi ya ce, “Wallahi Yaya, kamar da ni yake.” Fim ɗin da ya sa yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya ya faɗi haka da bakinsa ya yi aikin da faɗan iyaye na shekara bai yi ba.

Igiya ta biyu ce ta fara ba ni matsala. An nuna lissafin na'ura a siffar mutum uku, ɗan wasa guda ne ya fito a duka ukun, wato Vincent Kartheiser, suna tsaye a wani ɗaki mai duhu suna juya wani mutum-mutumin Ben yadda suka ga dama. Na gane dalilin, ana son a ba abin da ba a gani fuska. Amma a wajen mai kallo irin namu wannan hoton aljanu ne sak, masu shiga jikin mutum su yi magana da bakinsa. Wanda aljani ya hau kuwa ba a tambayarsa me ya sa, kuma ba a tambayar me ke damunsa kafin a hau shi. Daga nan labarin ya yi gaggawa: Ben ya yi alkawarin mako guda ba waya, ya kasa, ya faɗa cikin bidiyoyin wasu masu tsattsauran ra'ayi, aka ƙare da ƴan sanda sun danne shi a wajen zanga-zanga. Irin ƙarshen nan ne da muke kushewa a finafinanmu na wa'azi, inda dole mai laifi ya ƙare a gidan kaso ko a bola kafin a rubuta alhamdulillahi. Wuri ɗaya ne ya taɓa ni a labarin, inda wani ya yi wa Isla ba'a a kan kunnuwanta, ta tsaya gaban madubi tana rufe su da gashi. Babu mutum uku a ɗaki mai duhu a wannan wurin, yarinya ce da madubi da kalma ɗaya ta wani, kuma ya fi duk sauran gaskiya. Da uwar gidan ta kulle wayoyin iyali a wani akwati mai agogo don a ci abinci lafiya, yaran da ke zaune tare da ni dariya suka yi har da buga ƙafa.

To amma raunin wasan kwaikwayo ƙaramin laifi ne. Babban laifin yana wajen hujja. Jonathan Haidt, malami a jami'ar New York, ya nuna yadda adadin ƴan matan Amurka da ke ji wa kansu rauni da masu kashe kansu ya tashi bayan 2010, lokacin da shafukan sada zumunta suka shiga aljihun yara. Alƙaluman gaskiya ne, masu tayar da hankali. Sai dai abu biyu su tashi lokaci guda bai isa ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba, wannan ko a makarantar koyon aikin jarida an koya mana. Kuma tun a farkon 2019, kafin fim ɗin ya fito, Amy Orben da Andrew Przybylski na jami'ar Oxford sun bi bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka ce amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar da ke tsakanin matasan ba, har suka nuna cewa alaƙar yawan cin dankali da raguwar walwala ta yi kusa da wannan. Ana iya jayayya da su, kuma Haidt da abokan ra'ayinsa sun yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a shirya awa ɗaya da rabi ba a ba ko mutum ɗaya mai irin wannan ra'ayi kujera ba. Da ni na yi haka a shiri, na gayyato ɓangare ɗaya na rufe layi, da shugaban sashe ya kira ni ofis. Facebook ta fitar da martani mai maki bakwai tana cewa fim ɗin ya fifita tayar da hankali a kan gaskiya. Mai kare kasuwarsa ne ke magana, na sani, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: fim ɗin da ke zargin wasu da farautar hankali da tsoro, shi ma da kiɗan tsoro da duhu ya riƙe mu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Yaran cikin labarin ƴan makarantar sakandare ne da ke gaban iyayensu. Ɗalibin jami'a, wanda ya bar gida karo na farko, ba mai ce masa kwanta, ba mai ce masa tashi, bai sami wuri a fim ɗin ba. Alhali a kansa ne ake da hujja mafi ƙarfi, kuma hujjar ba ta goyi bayan fim ɗin yadda za a zata ba.

Facebook a jami'a aka haife ta. A Harvard ta fara a watan Fabrairu na 2004, ta riƙa shiga jami'o'in Amurka rukuni-rukuni, sai a watan Satumba na 2006 aka buɗe ta ga kowa. Wannan ya ba masu bincike dama irin wadda ba a cika samu ba: ga jami'ar da abin ya shiga, ga wadda bai kai ba tukuna, a lokaci guda. Luca Braghieri da Ro'ee Levy da Alexey Makarin suka haɗa wannan da amsoshin da ɗalibai suka riƙa bayarwa a kan lafiyarsu a waɗannan shekaru, suka buga sakamakon a 2022. Sun samu cewa shigar Facebook jami'a ta ƙara alamun ciwon damuwa a tsakanin ɗalibai, ta kuma ƙara yawan masu cewa halin da ransu ke ciki ya taɓa karatunsu. Abin ya fi tsanani ga waɗanda ke zaune a wajen makaranta da waɗanda ba su da ƙarfin aljihu. Dalilin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne gwada kai da wasu.

A duba shekarun da kyau. A lokacin babu shafin da ke zaɓo wa mutum labarai ya jera masa, sai a Satumba na 2006 aka kawo shi. Maɓallin babban yatsa sai 2009. Wayar iPhone sai 2007. Wato mutum ukun nan na ɗaki mai duhu ba a haife su ba tukuna, amma ciwon ya riga ya fara. Ɗalibi ne kawai zaune gaban kwamfuta yana kallon hotunan ƴan ajinsu a wajen walimar da ba a gayyace shi ba. Ban ce dabarun da Harris ya tona ba su ƙara wa wutar fetur ba. Na ce wutar ta girme su, fim ɗin kuwa ya ba da labari kamar su suka ƙyasta ashanar.

Wannan ya yi daidai da abin da na ji daga bakin ƙanena da daddare, bayan abokansa sun tafi. Na tambaye shi me yake kallo har asuba. Na zaci zai ce TikTok, kuma akwai shi. Amma abin da ya fi cin lokacinsa WhatsApp ne, inda ba wata na'ura da ke zaɓa maka wanda za ka saurara, lambobin da ka adana da hannunka ne. Ya ce, “Yaya, sitatus nake bi.” Na abokin da ya bar karatu ya tafi Agadas ko Libiya yana ɗora hoto a jikin mota. Na wanda ya sami tallafin karatu a Maroko ko Turkiyya. Na yarinyar da yake so, wadda aka sa ranarta da wani ɗan kasuwa. Shi kuma yana ɗakin haya da mutum huɗu, kuɗin tallafin karatu bai fito ba, malamai sun shiga yajin aiki sun fita, shekarar karatu ta haura cikin wata. Ya ce idan ya ajiye wayar tunani ne ke zuwa, idan ya ɗauka tunanin ya lafa na ɗan lokaci sannan ya dawo da ƙarfi. Wanne ya riga wanne, damuwar ko wayar? Shi kansa ya kasa rabewa. Fim ɗin bai yi wannan tambaya ba ko sau ɗaya da gaske.

Akwai kuma abin da ba zai taɓa faɗo wa mai shirya fim a Kaliforniya ba, wato kuɗi. Ben bai taɓa tunanin forfe ba, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira data. Ɗalibinmu kuwa kowace sa'a da ya yi a intanet daga kuɗin abincinsa ta fito. Kuma da yake forfen dare ya fi araha, talauci da kansa ne ke tura shi ga sa'o'in da ya kamata ya yi barci. Ya fara da niyyar sauke littattafai da bidiyon darasi da sha biyun dare, ya ƙare da ƙarfe huɗu yana kallon abin da ba zai tuna ba da safe, ya shiga aji ƙarfe takwas da kai kamar an cika shi da yashi, ko ya ƙi shiga. Ramar da Inna ta gani rabinta rashin barci ne, rabinta kuɗin garin kwaki da ya koma forfe. Ban ma taɓo cacar ƙwallo ta waya ba, wadda ɗaya daga cikin abokan nasa ya amsa cewa ta cinye masa jika goma sha biyar a wata guda.

Shawarwarin da aka jera a ƙarshen fim ɗin, lokacin da sunaye ke wucewa, ba su da laifi: kashe sanarwa, fitar da waya daga ɗakin kwana, kada a ba yara shafukan sada zumunta da wuri. Jaron Lanier ma cewa yake a goge shafukan gaba ɗaya. To ɗalibin da ɗakin kwanansa shi ne ɗakin karatunsa shi ne kicin ɗinsa, ina zai fitar da wayar? Wayar ita ce fitilarsa idan an ɗauke wuta, ita ce laburarensa, a zauren WhatsApp na aji ake tura darasi da sanarwar sauya lokacin jarrabawa, ta nan Inna ke jin muryarsa. Wanda ya goge WhatsApp a jami'armu ya goge kansa daga aji. Abin da ya fi kusa da amfani a wajensa ba ya cikin fim ɗin. A 2018 Melissa Hunt da abokan aikinta a jami'ar Pennsylvania sun gwada ɗalibai 143: wasu aka bar su yadda suka saba, wasu aka ce kada su wuce minti goma a rana a kan kowane ɗaya daga Facebook da Instagram da Snapchat. Bayan mako uku waɗanda suka rage sun nuna raguwar kaɗaici da damuwa. Gwajin ƙarami ne, gajere kuma, amma aƙalla ragewa ya gwada, abin da ɗalibi zai iya.

Sai kalmar kanta. A shirin da na gabatar bayan nan na yi ta cewa “jarabar intanet”, har wani malamin asibiti ya kira ya ce, “Malam, a yi hattara da sunan da ake ba ciwo.” Ya yi gaskiya. Sunan da wasa ya fara: a 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa a New York, Ivan Goldberg, ya ƙaga shi don zolayar yadda likitoci ke mai da komai cuta, sai mutane suka riƙa rubuto masa cewa suna da ita. Kimberly Young ce ta ɗauki abin da gaske, ta aro ma'aunin da ake gane mai jarabar caca ta gyara shi, daga baya ta fitar da tambayoyi 20 da har yau ake amfani da su a kan ɗalibai a ƙasashe da yawa. Amma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022 shi ne jarabar wasannin bidiyo, da sharuɗɗa masu tsauri: mutum ya kasa riƙe kansa, abin ya danne sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi a shekara ana haka. Fim ɗin ya kawo Anna Lembke, likitar masu shaye-shaye a Stanford, ya jera waya da ƙwaya a layi ɗaya, bai tsaya ya bambance mai ciwo da mai mugun sabo ba. Hausa ta fi shi tsantseni a nan. Muna da jaraba, muna kuma da sabo, wanda aka ce turken wawa ne, turke kuwa ana tuge shi. Na ga amfanin bambancin a gidanmu: ranar da na ce wa Inna ba ƙwaya ba ce, amma Turawa sun ce kamar ƙwaya ce, kuka ta fashe da shi, sai da na janye rabin maganar.

Ba zan rufe ba sai na juyo da madubin. Ina kallon Harris yana tona yadda ake hana mutum tashi, sai na tuna cewa shekara shida ina karanta littattafai a rediyo, kuma na san daidai inda nake tsayawa: inda amarya ta ɗaga labule ta ga wanda ba ta zata ba, nan nake cewa sai gobe, a saki talla. Marubutanmu da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad su ma sun san wannan, kuma da yawansu da tsakar dare suke saki, don sun san lokacin ne makaranta ke da forfe. Wata ɗaliba ta kira shirin ta ce littattafai uku take bi a lokaci guda, ba ta iya barci sai sabon shafi ya sauka, ranar da marubuciya ta yi jinkiri kuwa har zazzaɓi take ji. Ba wani injiniya a Amurka da ya shirya mata wannan. Mu ne, da harshenmu. Bambancin da nake iya kare kaina da shi ɗaya ne, shirina yana ƙarewa ƙarfe tara, kowa ya kashe rediyo.

Ƙanena ya koma makaranta. Mun yi yarjejeniya cewa kuɗin da nake tura masa na abinci zan riƙa ba mai shagon kusa da ɗakinsu kai tsaye, na forfe kuma daban, na rana, sau ɗaya a mako. Na saya masa ƴar ƙaramar waya mai maɓalli don kira da ƙararrawar asuba, babbar kuma abokin ɗakinsa ke riƙe ta daga sha ɗayan dare. Ya ci uku daga cikin darussa huɗun. Daren jiya na farka wajen ƙarfe biyu, na ɗauki wayata don duba lokaci, na buɗe WhatsApp ba tare da na yi niyya ba, sai na ga alamar yana kan layi. Na fara rubuta masa faɗa, kafin in tura saƙonsa ya shigo: “Yaya, kai ma ba ka kwanta ba?”